Zaman Asabar: Yadda Za Ku Kafa Majalisar Masu Gina Manhaja a Zangonku na Accra

Wani yaro ɗan Mamobi ya taɓa zuwa wurina da laftof a jakar makaranta, fuskarsa duk ta yi nauyi. Mako uku ke nan yana fama da abu ɗaya. Ya gina ɗan shafin rajista na ɗaliban makarantar Islamiyyarsu, komai na tafiya daidai, amma duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ, da ya shiga rumbun bayanai sai ya fito da alamar tambaya. Ɗanladi ya koma ?anladi. Ya kalli bidiyo har data ta ƙare masa, ya goge aikin ya sake daga farko har sau biyu, har ya fara cewa ƙila shi ne kansa ba ya ja. Muka zauna a benci ƙofar gida, na ce ya buɗe mini tsarin teburin da ke riƙe da sunayen a rumbun bayanan. An kafa shi da latin1, tsarin haruffan da bai san ƙugiyoyin Hausa ba. Muka mai da shi utf8mb4, muka sake shigar da sunan, Ɗanladi ya fito da ƙugiyarsa. Ko minti 10 ba mu yi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a layinsu kaɗai na san mutum biyu da suka san maganin wannan matsala. Bai san su ba, ba su san shi ba. Kowa yana ɗakinsa da tasa fitilar.

Accra ba ta rasa wuraren ilimin kwamfuta ba. Cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa tana nan tun 2003, MEST tana horar da matasa tun 2008, Google ta buɗe cibiyar bincikenta ta ƙirƙirarriyar basira a garin nan a 2019, kuma a watan Agustan shekarar aka yi PyCon Africa na farko, taron masu rubuta manhaja da harshen Python, a Jami'ar Ghana da ke Legon. Duk waɗannan alheri ne, kuma zan dawo kansu. Sai dai babban taro ba zai zauna da kai a kan kuskurenka ranar Asabar da la'asar ba. Abin da yaron nan ya rasa majalisa ce ta kusa, wadda zai taka da ƙafa ya je, kullum a rana ɗaya, inda ba a jin kunyar cewa "ban gane ba". Mu kuwa mutanen zango ba baƙin wannan ba ne. A makarantar allo babban almajiri ne ke biya wa ƙarami karatu kafin a kai gaban Malam, kuma a wajen biyawar nan shi ma nasa karatun ke zama. Haka nan duk wanda ya tashi a Nima ya san majalisar ataya ba ta buƙatar takardar gayyata. Waɗannan biyun nake so mu haɗa.

Fara da mutum uku, ba da zaure ba

Kuskuren da na fara yi shi ne buga sanarwa mai kyau, na nemi babban ɗaki, na gayyato wani gwani ya yi jawabi. Ɗaki ya cika, aka tafa, aka ɗauki hotuna. Asabar ta gaba mu huɗu muka zo. Mutane sun zo kallo ne, kuma mai kallo ba ya jin akwai abin da ya rataya a wuyansa.

Don haka ka nemi mutum biyu ko uku da ka tabbatar suna taɓa aikin da hannunsu, ko da sun fara jiya. Ba sai gwanaye ba. Wanda ya gama jami'a yana hidimar ƙasa, da mai gyaran waya a Circle da yake koyon JavaScript da dare, da yarinyar da ta gama sakandare tana jiran sakamako, sun isa. Ku yi alkawari ɗaya tsakaninku: za mu zauna Asabar 8 a jere, ko mu biyu ne suka zo. Kada ku sa wa abin suna, kada ku zana tambari, kada ku zaɓi shugaba tukuna. In kun cika takwas ɗin nan, sauran za su zo da kansu, domin labari ya riga ya zaga cewa akwai wurin da ake samun ku.

In an fara yawa, ku tsaya a kan 12 zuwa 15. Da an wuce haka, mai jin kunya zai samu bayan wanda zai ɓuya.

Ku gaida manya kafin ku jona soket

Wannan matakin littattafan Turawa ba su san da shi ba, amma a wurinmu shi ne ginshiƙi. Kowa ya san abin da ke zuwa ran iyaye in suka ga samari sun taru a ɗaki da laftof: sakawa, wato damfara ta intanet. Kalmar ma daga bakinmu ta fito ta zaga ƙasar, kuma sunan unguwanninmu ya sha wahala a kanta. In ba ka riga zargi isa ba, zai riga ka.

Mu ajin makarantar Islamiyya muka nema, domin da rana ranar Asabar yara sun tashi, benci na nan, allo na nan. Na ɗauki ɗaya daga cikin yaran muka je bayan sallar azahar, muka durƙusa.

"Allah gafarta Malam, alfarma muka zo nema. Ajin nan na baya muke so a ara mana ranar Asabar."

"To, ɗana. Wane irin aiki ne kuke yi da kwamfutar nan?"

Maimakon dogon bayani, yaron ya buɗe shafin rajistarsa ya juya wa Malam. Malam ya gyara tabarau, ya ce a rubuta sunan wani ɗalibi, aka rubuta, ya fito da ajinsa da izun da ya kai. Ya ɗan yi shiru.

"Ƙofa a buɗe za ku bar ta?"

"A buɗe, Malam. Duk mai so ya leƙo."

"In an kira salla ku tashi. Ku share mini ajin. Allah Ya yi albarka."

Sharuɗɗan nan uku har yau su muke bi, kuma na ga hikimarsu. Ƙofa a buɗe ita ce ta sa uwa za ta bar 'yarta ta zo. In ba makaranta ba, shagon wani Alhaji da ba ya buɗewa ƙarshen mako, ko ɗakin karatu na unguwa, ko ofishin wata ƙungiyar matasa, duk za su yi. Ɗakin kwanan wani ne kawai ban yarda da shi ba. Ku kuma faɗa da baki tun ranar farko cewa ba a koyar da shiga asusun mutane, ba a gina shafin bogi na banki ko na MoMo, wato asusun kuɗi na waya, wanda ya kawo irin wannan aikin ya tattara nasa. Bayan haramcinsa a addini, akwai dokar tsaron intanet ta 2020, mai lamba 1038, kuma mutum ɗaya ya isa ya jawo wa kowa.

Lokaci

Asabar, daga bayan azahar zuwa magariba. A Accra rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, don haka lokacin tashi ba ya yawo. Lahadi ranar biki ce da suna a zango, za ka yi ta rasa mutane. Daren ranar aiki kuwa, wanda ya taso daga Madina ko Ashaiman cunkoso zai cinye shi a trotro, ya iso a gajiye. A watan Yuni, in hadari ya haɗo, ku sallami na nesa da wuri. Wanda ya san yadda kwatar Nima ke cika ba ya jiran a faɗa masa.

Wuta, data, da shirin ranar da babu su

Ku fara da wayar wuta mai baki da yawa guda biyu masu kyau, ba irin wadda ke narkewa ba. Ku tambayi mai wurin yadda za ku riƙa sa masa kuɗi a mita, kada ku jira ya yi magana. Kowa ya zo da cajinsa a cike. Wanda ya rayu a shekarun dumsor, na yawan ɗauke wuta, ya san dalili.

Batun data, ku raba daga waya biyu masu layi daban-daban, MTN da Telecel misali, in ɗaya ta yi sanyi ɗaya ta ɗauka. Kafin kowa ya jona, ya kashe sabunta manhajojin da kwamfuta ke yi da kanta. Windows ɗaya za ta iya shanye datar yini a ɓoye. A cikin saitinta akwai inda ake nuna mata cewa layin nan na awo ne, ku koya wa kowa ranar farko.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne shirin zama ba intanet gaba ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Ghana da maƙwabtanta suka kwana biyu cikin wahala. Majalisar da ta dogara da YouTube ta watse a makon. Ku tanadi filash guda, a zuba masa fayilolin girka VS Code, Python, Node.js da Git, da takardun bayanin Python da ake saukewa. Shafin DevDocs yana ba da damar adana bayanan HTML, CSS da JavaScript a cikin burauza a karanta ba layi. In kuna kan wayfai ɗaya, ko da babu data a kai, mutum ɗaya ya shiga jakar fayilolin ya rubuta `python -m http.server`, sauran su buɗe adireshin kwamfutarsa a ƙofa ta 8000 su kwashi abin da suke so. Git kansa, manhajar adana tarihin canje-canjen aiki da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ba ya buƙatar intanet: ku yi `git init --bare` a kan filash, kowa ya ɗauki kwafi daga nan ya mayar da aikinsa can. Ranar da yara suka ga haka suke gane cewa Git daban, GitHub, shafin intanet da ake ajiye aikin Git a kai, daban.

Wanda ba shi da laftof kada a mayar da shi. Tsarin da zan faɗa yanzu ma kwamfuta ɗaya yake so ga mutum biyu.

Yadda zaman kansa zai gudana

A nan ne majalisa ke rayuwa ko ta mutu, don haka zan daɗe.

Minti 15 na farko, zagaye. Kowa ya faɗi abu biyu: me na yi a makon nan, ina na maƙale. Wanda ya fi kowa sani shi zai fara, kuma lallai ya faɗi inda ya maƙale da gaske. In babban yaya ya ce "kwana biyu na yi ina neman kuskure, ashe sunan fayil na rubuta da babban baƙi", ƙaramin da ke gefe zai ji bakinsa ya buɗe. Wani ya riƙa rubuta matsalolin a allo.

Sai biyawa, minti 20, ba ƙari. Mutum ɗaya ya koyar da abu ɗaya ƙarami: yadda flexbox ke jera abubuwa, bambancin `let` da `const`, yadda ake karanta saƙon kuskure daga ƙasa zuwa sama a Python. Ba a yarda da allunan jawabi ba. Ya buɗe kwamfuta ya rubuta muna gani, in ya yi kuskure mu gyara tare. Majigi in akwai, madalla, in babu, tsohuwar talabijin mai ramin HDMI ta wadatar. Biyawar nan zagayawa take yi, kuma kowa sai ya yi, har wanda ya zo wata ɗaya da ya wuce. Za su ce ba su san komai ba. Ka ce masa: "Ƙanena, abin da ka koya ranar Talata, akwai wanda bai sani ba a ɗakin nan. Shi za ka biya mana." Na ga yarinyar da muryarta ke rawa a biyawarta ta farko a kan yadda ake sa hoto a shafi, a wajen shirya minti 20 ɗin nan ta gano da kanta dalilin da hotonta ke fita a kwamfutarta amma ba ya fita a ta wani, wato ta rubuta hanyar fayil ɗin tun daga C: maimakon daga jakar aikin. Da an faɗa mata, da ta manta.

Bayan la'asar sai babban aiki, awa ɗaya da rabi, bibbiyu a kwamfuta ɗaya. Mu direba da meti muke ce musu, kamar a trotro. Direba ne ke riƙe da madannai, meti ne ke kiran hanya: shi ke faɗin abin da za a rubuta da dalilinsa. Duk minti 15 a yi musanya, a sa ƙararrawar waya don kada a yi gardama. Doka mafi tsauri a majalisarmu ita ce, wanda ya fi sani ba ya karɓe madannai daga hannun mai koyo. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayi, ka san za ka gama a daƙiƙa 30 abin da zai ɗauke shi minti 5. Ka haɗe hannuwanka a baya ka yi magana da baki. In ka karɓa ka gyara masa, manhaja ta warke, shi kuwa yana nan inda yake. Kuma ku riƙa sauya abokan zama kowane mako, kada aminai biyu su manne wa juna.

Ku koya wa kowa yadda ake tambaya. "Ba ya aiki" ba tambaya ba ce. Tambaya tana da ƙafa huɗu: me nake so ya faru, me na rubuta, me ya faru, me saƙon kuskuren ya ce kalma da kalma. Sau da yawa kafin mutum ya kai ƙafa ta uku ya ga amsar da kansa. A zauren WhatsApp na majalisa kuma a kwafo rubutun kuskuren a manna, a daina ɗaukar fuskar kwamfuta hoto da waya a karkace.

Game da ChatGPT da ire-irensa, ban hana ba, ni ma ina amfani da su. Sharaɗin shi ne, duk layin da ka manna a aikinmu sai ka iya bayyana shi ga metinka da Hausa. In ka kasa, a goge a sake. Wanda ya saba karɓar amsa bai tauna ba, ranar da aka zaunar da shi gwajin neman aiki zai gane an cuce shi, kuma ba na so ya gane a can.

Minti 20 na ƙarshe, nuni. Kowane biyu su nuna abin da suka yi, ko bai ƙaru ba. A rubuta wanda zai yi biyawa mako mai zuwa, a share aji, a tafi masallaci. Ataya sai bayan magariba, nesa da kwamfutoci.

Ku ɗauki aiki ɗaya na unguwa

Darussan freeCodeCamp da The Odin Project kyauta ne kuma suna da kyau, kowa ya bi su a gida cikin mako. Amma a majalisa ku gina abin da wani a layinku zai yi amfani da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: rajistar makaranta, littafin adashi na mata, lissafin bashin mai kanti, shafin tela da hotunan ɗinkinsa. Ku zaɓi ɗaya, ƙarami, wanda zai ƙare cikin wata biyu ko uku.

Littafin adashi, wanda a nan aka fi sani da susu, shi na fi so, domin yana ɗauke da darussan da bidiyon Amurka ba zai koya maka ba. Ɗauki lambar waya. A Ghana lamba 10 ce mai farawa da sifili, ko +233 da lamba 9. In ka adana ta a matsayin adadi, sifilin farko zai ɓace. Rubutu ce, ka adana ta a rubutu, ka kuma mai da duk lambobi siga ɗaya kafin su shiga rumbu, in ba haka ba Hajiya ɗaya za ta zama mutum biyu. Kada kuma ka yanke cewa duk 024 MTN ce, domin tun 2011 mutum na iya sauya kamfani ya tafi da lambarsa. Ɗauki kuɗi. Ka sa wani ya rubuta 0.1 + 0.2 a JavaScript ko Python a gaban kowa, su ga 0.30000000000000004 da idonsu. Daga nan ba sai ka yi dogon wa'azi ba: a adana kuɗi da pesewa, sidi 1 pesewa 100, a cikakken adadi, sai wajen nunawa a raba. Ga kuma sunaye masu ƙugiya, da mai sunan da aka rubuta Muhammad yau, gobe Mohammed. In kun kai ga biyan kuɗi, MTN tana da filin gwaji na MoMo ga masu gina manhaja, Paystack ma tana da yanayin gwaji, ana koyo ba a taɓa kuɗin kowa ba.

Ku buɗe ma'ajiya ɗaya a GitHub da sunan majalisa. Kowane aiki a yanka shi ƙanana, irin wanda biyu za su gama a zama ɗaya. Ba mai zuba aikinsa kai tsaye a babban reshe, wato ainihin kwafin aikin da kowa ya dogara da shi; ka yi naka reshen, ka nemi a haɗa, wani ya karanta kafin a karɓa. Mai karantawa ya yi magana a kan rubutun, ba a kan mai rubutun ba, kuma ya fara da tambaya: "me ya sa ka bi ta nan?" Sau da yawa akwai dalili. Rikicin haɗa reshe na farko da za ku samu, wato in biyu sun sauya layi ɗaya, kada wani ya warware shi a ɓoye. A sa a talabijin kowa ya gani, domin shi ne abin da ya fi firgita sabon shiga a wurin aiki.

Abu biyu ba a wasa da su. Na farko, makullan sirri da kalmomin shiga ba sa hawa GitHub. A sa su a fayil ɗin `.env`, a rubuta sunansa a `.gitignore` tun kafin a fara. In ya riga ya hau, gogewa ba ta isa ba, yana nan a tarihi, sai an sauya makullin. Na biyu, sunayen mutane na gaskiya da lambobinsu da bashinsu ba kayan gwaji ba ne. Ku ƙirƙiri na ƙarya. Amana ce, kuma dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta hau kan duk mai tara bayanan mutane.

Ranar da kuka gama, ku kai wa mai abin, ku ba ta wayar, ku yi shiru ku kalli inda yatsanta zai tsaya. Mu uwar adashin da muka yi wa namu ta duba ta ce, "Yarana, rubutun nan ya yi ƙanƙanta, kuma ina wurin wanda ya biya rabi?" Ba wanda ya tuna da mai biyan rabi a cikinmu. Mako biyu muka ƙara.

Harshe, da waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa

A yi bayani da Hausa, ko da duk abin da mutum ya fi ganewa, domin a majalisar zango za ka samu Badagombe da Bazabarme da ɗan Kotokoli, wani Twi ya fi zama a bakinsa. Amma sunayen abubuwa a bar su yadda suke a kwamfuta, saboda saƙon kuskure da Turanci zai zo, bincike ma da shi za a yi. Ka ce madauki ne mai maimaita aiki, sannan ka nuna masa `for` a rubuce.

Mata kuwa, cewa "kowa na iya zuwa" ba ya kawo su. Ku gayyaci biyu ko uku tare, kada ɗaya ta zauna ita kaɗai cikin maza goma. Wata babbar yaya ko malama ta je ta yi wa iyaye bayani. A tashi kafin duhu. Lambar da ke zauren WhatsApp ta aiki ce, wanda ya bi wata da saƙon da ba ta nema ba a cire shi, kuma a faɗi wannan a gaban kowa tun kafin ya faru. In sun fi so su zauna bibbiyu a tsakaninsu, a bar su. Kada kuma a mai da su masu rubuta sunaye da raba ruwa. Layin biyawa ya bi ta kansu kamar kowa. Ba sabon abu ba ne a unguwar nan: shirin Tech Needs Girls na Regina Honu ya koyar da 'yan mata rubuta manhaja a Nima tare da Achievers Ghana, kuma akwai PyLadies Ghana da Developers in Vogue da za ku iya haɗa su da su.

Kuɗi

Kaɗan, a fili. Karo-karon da bai wuce kuɗin kwanon wake da shinkafa ba, na data da mita da ruwa. Wanda ba shi da shi ya zo haka nan, ba a kiran suna. Mutum ɗaya ya riƙe, wani daban ya rubuta, a karanta lissafi ƙarshen wata. In ɗan siyasa ya kawo tallafi gab da zaɓe, ku yi godiya ku ƙi. Majalisar za ta koma ta jam'iyya a idon rabin unguwa.

Ku fita, ku dawo da guzuri

Bayan wata uku, ku fara zuwa manyan taruka a ƙungiya. GDG Accra, ƙungiyar masu gina manhaja da kayan Google, na shirya taron DevFest, Python Ghana na da tarukanta, wurare irin su Impact Hub a Osu na karɓar zama iri-iri, kuma yawancin sanarwa na fita a shafukansu na sada zumunta. Ku shiga trotro ɗaya. Yaron da zai ji tsoron shiga irin wannan wuri shi kaɗai, in yana tsakiyar mutanensa zai ɗaga hannu ya yi tambaya. Duk wanda ya je, bashin biyawa na kansa Asabar mai zuwa. In kun haɗu da gwani mai kirki, ku gayyace shi, amma ku faɗa masa ba jawabi zai yi ba, meti zai zama. A watan Oktoba kuma akwai Hacktoberfest, lokaci mai kyau na gwada sa hannu a manhajojin da kowa ke iya gyarawa, ko da gyaran kuskuren rubutu ne a takardar bayani, muddin gyaran na gaske ne.

Ranar da na gaba suka tafi

Za su tafi, kuma abin da ake nema ke nan. Wani zai samu aiki a East Legon, wata za ta wuce KNUST a Kumasi, wani aure zai ɗauke masa Asabar. Majalisar da mutum ɗaya ke riƙe da makullinta tana mutuwa ranar da ya yi zazzaɓi. Tun wata na biyu ka fara raba kaya: makullin aji a hannun mutum biyu, masu iko da zauren WhatsApp uku, ma'ajiyar GitHub kada ta zauna a asusun mutum ɗaya, a buɗe ta da sunan ƙungiya da masu iko biyu aƙalla. Jagorancin zama ya riƙa zagayawa kamar biyawa. Ka sayi littafi mai bango mai kauri, kowace Asabar a rubuta kwanan wata, waɗanda suka zo, abin da aka biya, da wanda ke da na gaba; sabon jagora da shi zai san inda aka kwana. Wata rana da gangan ka ƙi zuwa, ka kashe waya, ka ji labari da dare. Wanda ya samu aiki kuma a roƙe shi Asabar ɗaya a wata, ya zo ya faɗa wa ƙannensa irin tambayoyin da aka yi masa a gwaji, ya duba musu takardar neman aiki da shafinsu na GitHub.

Azumi shi ne inda na ga zama da yawa sun yanke ba su dawo ba. Ku mayar da shi safiya, bayan an ɗan huta daga asuba, ku rage shi zuwa awa biyu, ko ku tafi hutu gaba ɗaya a goman ƙarshe. Kowanne kuka zaɓa, kafin a watse a buɗe littafin nan a rubuta ranar dawowa, Asabar ta biyu bayan Salla, da sunan wanda zai yi biyawa a ranar da abin da zai biya, sannan wani ya je ya sanar da Malam don kada a ba wasu ajin.